Yamaha YB100 na Baba ya daɗe a ajiye: a cire famfon mai, a fasa salansa?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar babur Yamaha YB100, yau fiye da shekara goma yana jingine a shagon zaure ba a tayar da shi ba. Na fito da shi, na zuba sabon fetur, na sa sabon fulogi, da ƙyar ya tashi. Amma hayaƙi ya yi yawa, idan na saki totur sai ya daɗe yana ihu kafin ya sauko, kuma in ya yi zafi sai ya mutu ya ƙi tashi. Bakaniken unguwarmu ya ce a cire famfon 2T a riƙa haɗa mai a tanki, a zare hanjin salansa, a sa babban jet, wai zai fi gudu. In bi shawararsa? Ni dai so nake ya dawo yadda Baba yake hawansa." Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Idan na fahimce ka, kana da injin da ya tashi amma yana nuna alamomi uku, an kuma ba ka magani uku waɗanda babu ɗayansu da ya shafi alamomin. Kada a taɓa famfon 2T, wato man da ke shafe cikin injin, kada a taɓa salansa, kada a canza jet, ɗan ƙusan tagulla mai rami da fetur ke bi a kafireta, tukuna. Kuma ka daina tayar da shi don jin daɗin ƙararsa, domin wannan ihun da yake yi bayan ka saki totur, a wurina, ya fi hayaƙin ban tsoro. Shi ne yake cinye fistin.

Yadda injin yake numfashi

YB100 injin ne mai bugu biyu, cc 97, giya huɗu. Ba shi da bawul a kansa kamar Boxer ko Honda CG da yaran gareji na yanzu suka saba da su, kuma ba shi da tafkin baƙin mai a ƙasa. Idan fistin ya hau sama, ɗakin da karanshaf yake juyawa a cikinsa sai ya zuƙo iska da fetur daga kafireta. Idan ya sauko, sai ya matse su a wannan ɗaki ya tura su ta ƙofofin da ke jikin bulo su hau saman fistin. Wato ƙasan injin shi kansa famfo ne. A YB100 kuma akwai wani faifai da ke juyawa tare da karanshaf a gefen dama, shi ke buɗe hanyar shigar iska yana rufewa, shi ya sa kafiretar take ɓoye cikin murfin dama maimakon bayan bulo.

Tunda ƙasan injin famfo ne, dole ya zama a rufe ruf. Abin da ke rufe shi kuwa bai wuce sil guda biyu na roba a gefe da gefen karanshaf ba, sai gasket na gindin bulo, sai zoben roba na murfin faifan nan, sai haɗin ɓarin injin biyu. Roba kuma ba ta jure shekara goma a zafin zaure babu mai a jikinta. Tana bushewa ta yi tauri, leɓenta ya tsage.

Kowane sil da irin ɓarnarsa. Na hagu, wanda ke bayan maganeto mai samar da wuta, in ya mutu iska yake zuƙowa. Iskar nan ba ta bi ta kafireta ba, saboda haka babu fetur a cikinta, babu mai. Haɗin sai ya yi tsinkakke, injin ya ƙi saukowa sulo, ya yi zafin da ya wuce ƙima, a ƙarshe fistin ya kumbura ya kama bulo ko ya huje a tsakiya. Na dama, wanda ke gefen kuloci, man giya yake zuƙowa. Shi ke kawo hayaƙi fari mai kauri mai wani irin ɗaci a hanci, daban da shuɗin hayaƙin 2T, kuma za ka ga man giya yana raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Duba ka gani, biyu daga alamominka uku sun shiga nan.

Akwai wani dalilin hayaƙi mara haɗari. Idan babur ya daɗe a tsaye, man 2T yakan silalo ta famfo a hankali ya taru a ƙasan injin, kuma salansa takan cika da tsohon mai. Irin wannan yana ƙonewa ya wuce bayan tafiya kaɗan. Amma shi ba ya sa injin ihu, don haka ban yarda shi kaɗai ba ne.

Gwajin da nake fara yi

A wurin aikina ba na kwance kafireta in ce zan yi saiti sai na tabbatar ɗakin karanshaf yana riƙe iska. Kayan gwajin ba su da tsada. Ka cire kafireta da salansa, ka toshe ƙofar fita ta bulo da guntun tif na taya da faranti, ka toshe mashigar kafireta da toshiya mai ɗan bututu, fulogi yana ɗaure, fistin yana ƙasa. Ni da famfon awon hawan jini nake hurawa, irin na hannu mai agogo. Agogonsa yana ƙarewa a 300, wanda bai kai psi 6 ba, kuma daidai nan ake so, domin in ka sa kwamfuresa za ka tunkuɗo sil mai lafiya ma daga mazauninsa. Ka hura, ka matse tiyo, ka zuba wa allurar ido minti biyar. In tana saukowa, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bayan maganeto, a gindin bulo, a haɗin injin. Inda kumfa ta taso, nan ne. In babu kumfa a waje amma allura na sauka, ka shafa sabulun a mashaƙar akwatin giya. Kumfa a can tana nufin sil na dama.

Gaskiya ma, babur da ya yi shekara goma a ajiye, ko ya ci gwajin nan ina canza sil ɗin duka biyu. Kuɗinsu bai kai na fistin ɗaya ba.

Sai a ɗaga bulo. Kafin ka zare fil ɗin fistin ka cusa tsumma a bakin ɗakin karanshaf, domin ɗan kilif ɗin nan in ya faɗa ciki sai an raba injin biyu. Ka kama konrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ka ja sama ka danna ƙasa. Motsi gefe da gefe kaɗan halal ne, amma sama da ƙasa ko ɗis ba a so. Ka juya karanshaf da hannu kana sauraro. In kana jin gurgur ko ka ga jan tsatsa, damina goma sun yi aikinsu a kan boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu, sai an raba injin. Karanshaf na irin wannan injin matse shi ake yi da injin matsi, saboda haka canza konrod aikin mai matsi ne da agogon awo. Ka tsaya ka ga ya ɗora shi a kan ma'auni ya daidaita shi. Wanda ya ce da ido yake gani, karɓi kayanka ka yi gaba.

Bulo kuma ka sa farce ka bi cikinsa. Zanen da farce ba ya kamawa, gogewa ta ishe shi. Wanda farce ya maƙale a ciki, sai bori, wato a faɗaɗa ramin bulon a sa fistin mafi girma. Faɗin bulon asali milimita 52 ne, fistocin ƙari suna zuwa 0.25, 0.50 da sama. Ka ɗauki mafi ƙanƙantar da za ta share zanen, domin kowane bori rage wa bulo kwana ne. Ka fara sayen fistin ka kai wa mai bori tare da bulo, ya yanka daidai da shi, tazarar kusan 0.04 na milimita. Abin da masu bori da yawa ke mantawa, saboda sun saba da injin mai bugu huɗu, shi ne dakushe kaifin bakin ƙofofin bayan yanka. In ba a yi ba, ringi zai riƙa karo da kaifin har ya karye. Wajen haɗawa, kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa, bakin kowane ringi yana zama a kan ɗan ƙusan da ke cikin raminsa, kilif kuma sababbi.

Maganar famfon mai

A nan ba zan ce bakaniken naka bai san komai ba. Yana da dalili. Ya ga injuna da yawa sun kama saboda tiyo ya tsage, ko tankin 2T ya ƙare mai shi bai lura ba, sai ya yanke cewa mai a tanki ya fi aminci. Amma a mafi yawan waɗanda suka zo hannuna, famfon lafiyarsa lau. Iska ce ta shiga layin, ko wayar ta saki, ko an zuba baƙin mai da aka tsiyayo daga mota.

Yamaha ta fara sa wannan famfo, Autolube, a baburanta tun 1964. Karanshaf ne ke juya shi, wayar totur kuma ita ke ƙara masa tsawon bugu. Saboda haka a sulo kaɗan yake bayarwa, a kan hanya da kaya ya ƙara. Haɗin tanki ba shi da wannan wayo: abin da ka zuba shi ne, ko kana tsaye a danja ko kana hawan tudu. Kuma a doguwar gangara, totur a rufe injin na gudu, haɗin tanki kusan babu man da yake kai wa injin, famfo kuwa yana ci gaba da ɗigo. Sannan ka tuna yadda muke sayen fetur: lita ɗaya nan, rabin galan can wajen 'yan bumburutu. Wa zai tsaya yana awon mai kowane lokaci? Wata rana ƙaninka zai ari babur ya zuba fetur zalla.

Gyaran famfon kuwa ba wuya. Ka wanke tankin 2T, ka canza tiyo duka biyu, ka sa masu haske don ka riƙa ganin mai yana tafiya. Ka kwance ɗan sukurun fitar da iska da ke jikin famfo har mai ya fito babu kumfa. Ka daidaita waya yadda alamar da ke kan ƙaramin gargaren famfo za ta haɗu da ɗan fil ɗinta, ka kuma auna mafi ƙarancin bugunsa, 0.20 zuwa 0.25 na milimita. A tankin fetur na farko bayan gyara ka zuba 2T mililita 20 a kowace lita a matsayin kariya, kana kallon man tankin gefe yana raguwa. Da ka tabbatar yana sha, ka koma fetur zalla. Mai kuma ka sayi na 2T na gaskiya, wanda aka rubuta JASO FC ko FD a jikin gorarsa.

In famfon ya mutu murus, babu wani, YB100 yana jure haɗin tanki, domin man nasa dama a mashigar iska yake zuba. Sai ka yi mililita 30 zuwa 40 a lita, ka cire famfon gaba ɗaya kada ya yi ta juyawa a bushe, ka toshe ramin da man ke shiga don kada ya zama sabuwar kafar iska, ka ƙara babban jet mataki ɗaya tunda yanzu mai ya ci wani gurbi na fetur a cikinsa. Amma masu Suzuki A100 da ke karanta wannan kada su ɗauka da su nake. Tsarin CCI na Suzuki yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, kuma cire famfo a can babu wani gyara yana barin wannan boris da ƙishi.

Mutuwa in ya yi zafi

A nan abu uku nake zargi, kuma a gefen titi za ka rarrabe su. Da ya mutu, buɗe murfin tanki. In ka ji shi ya ja iska, fuu, kuma ya tashi bayan haka, ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe. In ba haka ba, ciro fulogi nan take tun da zafinsa, ka jingina shi a kan bulo ka buga kik. Babu wuta ko wuta ja mai rauni, amma in ya huce ta dawo shuɗiya, to kondensa ce ko koyil. In kuwa kik ɗin ya yi tauri lokacin da ya mutu sannan ya saki bayan ya huce, fistin ne ke kamawa, mun koma maganar sil.

Don kai wa ga kwantak, ɗan makullin da ke buɗewa ya ba fulogi wuta, da kondensa sai an cire maganeto, kuma da abin zarensa ake cirewa, mai zaren hagu na milimita 27. Kada ka bari a buga masa guduma. Guduma tana lanƙwasa karanshaf tana kuma raunana maganaɗisun. Buɗewar kwantak 0.3 zuwa 0.4 na milimita, ta fulogi 0.6 zuwa 0.7, fulogin kuma NGK B7HS. A wannan tsari buɗewar kwantak ita ce ke matsar da lokacin wuta, wanda ya kamata ya zo fistin na saura milimita 1.8 ya kai ƙololuwa. Ni siririyar takarda nake sawa tsakanin bakin kwantak ina juya maganeto a hankali, inda takardar ta fara saki, nan wuta take, sai in duba alama. Wuta da ta yi gaggawa tana sa babur ya ji kamar ya ƙara kuzari, shi ya sa wasu ke matsar da ita da gangan. Huje fistin take yi.

Salansa ba bututu ba ce kawai

A injin mai bugu biyu ƙofar shiga da ta fita suna buɗe a lokaci guda na ɗan taƙi, saboda haka abin da ke faruwa a salansa shi ke yanke nawa ne daga sabon haɗi zai zauna a bulo, nawa zai bi hayaƙi. Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas. Ya haɗa faifan nan mai juyawa da salansa mai tumbi wadda aka lissafa tsawonta da faɗinta, yadda amon fashewa zai dawo ya mayar da haɗin da ya tsere cikin bulo. A 1961 injinsa na cc 125 ya kai ƙarfin doki 25. A shekarar ce mahayinsa Ernst Degner ya gudu Yamma, ya koma Suzuki, ya ci musu gasar duniya ta cc 50 a 1962. Abin lura, ƙarfin nan daga lissafi ya fito, ba daga fasa ƙarfe ba. Zare hanjin salansa ƙara yake ba ka, ya rage ja a ƙasa, ya tsinke haɗi, ya ƙara shan mai. Kunnen mai hawa ne ke gaya masa ya ƙara gudu.

Abin da salansarka ke buƙata wanki ne. Ka zaro hanjin, ka gasa shi a wuta har baƙin ya zama toka, ka kakkaɓe, ka bi ramukan da waya, ka mayar. Ka kankare gawayin da ya taru a ƙofar fita ta bulo. Na sha ganin wannan ƙofa ta rufe kusan rabi, mai shi yana neman a ƙara masa gudu.

Sai yanzu kafireta

Tanki tukuna. In akwai tsatsa, ka zuba notuna da kananzir ka girgiza har hannu ya gaji, ka ɗauraye, ka sa ƙaramar matata a tiyon fetur. Matatar iska kuma dole ta kasance a wurinta, sabuwa. Ƙurar hunturu da mai in suka haɗu a bulo, wasa ƙarfe suke yi.

Ka wargaza kafireta ka jiƙa, ka hura kowace kafa da iska. Kada allurar ɗinki ta shiga jet, tagulla ce, faɗaɗa ta za ka yi. Ka riƙe jet da allura na asali in suna nan, domin na cikin ledar gyara mai arha lambar da ke jikinsu ba ta cika zama gaskiya ba. Kowane sashe da yankinsa: ƙaramin jet da sukurun iska daga sulo zuwa kwatan totur, allura daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet daga nan zuwa ƙarshe. Ka fara da sukurun iska zagaye ɗaya da rabi daga rufe, kilif ɗin allura a tsakiya. Injin ya yi ɗumi, ka juya sukurun kaɗan kaɗan har ka sami inda sulo ya fi tashi, sannan ka sauke shi da sukurun sulo. Saukar da kilif ƙasa yana ɗaga allura, ƙarin fetur ke nan.

Babban jet a kan hanya ake gane shi. Bayan ka gama horar da sabon fistin, ka sa sabon fulogi, ka sami miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ka buɗe totur duka a giya ta huɗu na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe injin a tare, ka gangara ka tsaya ka ciro fulogi. Kalar shayi da madara ake nema. Baƙi mai laima, fetur ya yi yawa. Fari fes, ko da ɗigon toka mai ƙyalli, ka tsaya nan, fistin ne ya fara narkewa. Ni nakan bar shi ya ɗan karkata wajen yawan fetur, saboda zafin bazara da kuma fetur ɗinmu da ba kullum ake sanin abin da aka gauraya masa ba. Fulogi ya ɓaci ya fi bulo ya ɓaci. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Kuma wanda aka yi wa saiti a Jos, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,200, in ya sauko ƙasa mai kwari haɗin zai tsinke, a sake dubawa.

Horon kuwa, kilomita 500 na farko kada ka wuce rabin totur, kada ka daɗe a gudu ɗaya, kada ka ɗauki buhu. Bayan tafiyar farko, in ya huce, ka sake ɗaure notunan kan bulo a giciye.

Birki da taya kada ka yi ciniki da su. Fatar birki ta da takan ɓamɓare daga ƙarfenta ta kulle ƙafa ana cikin tafiya, kuma ƙurarta kada ka hura da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Taya mai shekara goma, ko zanenta na nan, ta mutu. Wayoyin birki, kuloci da totur duk sababbi.

Kayan gyara, sil, boris, ringi, kwantak da gasket sababbi za ka nema, boris da sil kuma da lambar girmansu ake sayensu, ba sai an ce na YB100 ba. Murfi, tanki, kafireta da famfo kuwa tsohon na asali ya fi sabon kwaikwayo, kuma kana kusa da Panteka a Kaduna, ga Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon a hannu. Duk abin da aka cire daga babur ɗin kada ka bar shi a gareji, ka tara a kwali.

Ban ga babur ɗin ba, ban ji ƙararsa ba, kuma YB100 ya fito a zubi daban daban na ƙasashe daban daban, lambar jet da wasu awo suna bambanta. Saboda haka alƙaluman da na ba ka mafari ne, ka gwada su da lambar injin da ke jikin naka. Shi kuma bakaniken, ka nemi dattijon da ya yi zamanin waɗannan babura, ka tambaye shi yadda ake fitar da iska daga famfon Autolube kafin ka miƙa masa makulli. In an yi gwajin iskar, ka rubuto mini inda kumfa ta fito da abin da farce ya ji a cikin bulo, daga nan za mu san ko sai an raba injin.